Yadda Za Ka Kafa Shingen Katako a Cikin Gidanka da Hannunka, Gara Ba Ta Cinye Shi Ba

Gidajenmu na Kano katangar bulo ce ke zagaye da su, shi ya sa idan aka ce shingen katako wasu sai su ɗauka zancen wata ƙasa ake yi. Amma duk mai ɗan fili a bayan ɗakuna, wanda ya ɗaure akuya biyu ko ragon layya, uwargida kuma ta shuka zogale da yakuwa da alayyafo a gefe guda, ya san cewa katangar waje ba ta raba rigimar cikin gida. Rana ɗaya igiya za ta kwance, shukar wata uku ta tafi kafin a idar da sallar azahar.

Za ka iya jan bulo layi biyar ka raba filin, sai dai bulo yana tare iska, yana cin kuɗi, kuma ranar da ka sake shawara sai an rushe. Danga da zana kuwa awakin ne za su cinye su, ga tsoron wuta idan murhu na kusa. Katako yana tsakiya: iska na ratsa shi, kana hango dabbobinka daga tsakar gida, kuma mutum ɗaya da yaro mai riƙe masa za su iya gama shi.

Shingena na farko bai cika shekara biyu ba. Na sayi farin katako saboda arha, mai sayarwa ya ce min ai da fenti ya wadatar, na binne dirkokin a ƙasa haka nan na shafa fenti mai kyau. Bayan damina ta biyu na jingina da dirka ɗaya, sai na ji ta tafi da ni. Da na duba, fentin yana nan lafiya lau kamar jiya aka shafa, amma na danna babban yatsa ya shige ciki. Babu katako, sai jar ƙasa da gara ta cusa. Na ji zafin abin ƙwarai, domin ba kuɗin kaɗai ba, har zogalen da iyalina suka yi ta ban ruwa ya tafi a makon. Tun daga nan na gane cewa shingen katako a Kano daga gindi yake rayuwa, daga gindi kuma yake mutuwa. Don haka za ka ga na daɗe a kan abin da ke shiga ƙasa, na yi sauri a kan abin da ido ke gani.

Kafin ka taɓa diga

Fara da sanin abin da ke ƙarƙashin filin. Ina bututun ruwa ya bi daga tanki ko rijiyar burtsatse? Ina sokawe yake, ina bututunsa ya ratsa? An binne wayar wuta zuwa injin ruwa? Idan ba kai ka gina gidan ba, tambayi wanda ya sani. Idan haya kake, nemi yardar mai gida tukuna. Idan kuma shingen zai hau iyakarka da maƙwabci, ka kira shi ku tsaya a wurin tare, ku ga inda igiya za ta bi, in da hali a gaban mai unguwa. Taku ɗaya na ƙasa ya raba zumuncin shekaru a garin nan. Abin da zai fito bakin titi kuwa ya shiga hurumin hukumar tsara birane ta KNUPDA, sai ka tuntuɓe su. Ni a nan zancen na cikin gida nake.

Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba, diga na shiga, kuma ruwan sama ba zai cika maka ramuka ba. Wanda ya bari sai Maris ko Afrilu zai haƙa ƙasa mai taurin dutse a cikin zafin da ke kai digiri 40.

Lissafin kaya

Katakon kasuwa yawanci tsawon ƙafa 12 ake yanko shi, don haka ka gina lissafinka a kan wannan, asara za ta ragu. Bari mu ɗauki misalin shinge mai tsawon ƙafa 36, da ƙofa mai faɗin ƙafa 3 a ƙarshensa, tsayinsa ƙafa 4. Ƙafa 4 tana tare yawancin awaki da tumaki. Idan kana da bunsuru mai tsalle, ka kai ƙafa 5, sai dai lissafin zai canza.

Dirka ita ce ginshiƙin da ke tsaye. Ka nemi fo-bai-fo, wato katako mai kaurin inci 4 da faɗin inci 4, in babu ka ɗauki tiri-bai-fo, mai inci 3 da inci 4. Kowane katako mai ƙafa 12 ka raba shi biyu, ka samu dirka biyu masu ƙafa 6: ƙafa 2 a ƙasa, ƙafa 4 a sama. Ƙa'idar ke nan, kashi ɗaya cikin uku na dirka ya shiga rami. Za ka kafa su ƙafa 6 tsakani, wato dirka 7 a ƙafa 36, da ƙarin ɗaya ta ƙofa, 8 ke nan. Katako 4 ya ishe ka.

Tanka ita ce wadda ke kwance tana haɗa dirkoki, kamar dai tankar danga. Tu-bai-tiri, mai inci 2 da inci 3, ya isa. Layi biyu, sama da ƙasa, ƙafa 72 ke nan, guda 6. Ƙara ɗaya na ƙofa, ƙara ɗaya na ko-ta-kwana, ka sayi 8.

Sai falankan da za su rufe jiki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi wan-bai-tuwel, wato katako mai kaurin inci 1 da faɗin inci 12, ka ba masu inji a nan cikin kasuwa su tsaga maka kowanne gida uku a tsaye, faɗin kowane tsagi ya kusa inci 4, sannan a yanka kowane tsagi gida uku, ƙafa huɗu-huɗu. Wan-bai-tuwel ɗaya ya ba ka falanki 9. Idan ka bar tazarar inci 2 a tsakani, kowace ƙafa ɗaya ta shinge tana cin guda 2. Ƙafa 36 za ta ci 72, ƙofa ta ci 6, jimla 78. Wan-bai-tuwel 9 zai ba ka 81, ka sayi 10 don wasu za su tsage.

Ragowar kayan: siminti buhu 3, yashi mai kaifi, tsakuwa, ƙusa mai inci 4 ta tanka, mai inci 2 da rabi ta falanki, hinjis manya, sakata, maganin gara, kwalta, fenti da buroshi, da 'yan tu-bai-tu na tokara. Kayan aiki kuwa diga, shebur, kwanon sarki, zarto, hamma, tef ɗin awo, igiyar magina, da ma'aunin nan nasu mai ɗigon ruwa a ciki. Wanda ba ka da shi ka ara, ba sai ka saya ba.

A kasuwar 'yan katako

Na'ibawa da Rijiyar Lemo nan ne manyan wuraren katako. Ƙusa da hinjis da sauran kayan ƙarfe kuma Ƙofar Ruwa. Ka tafi da tef ɗinka a aljihu, kuma kada ka ji kunyar fito da shi. Abin da ake kira ƙafa 12 sau da yawa ba ya cika, tu-bai-tiri ma yakan rame. Wannan yana da muhimmanci, domin idan tankarka ƙafa 11 da rabi ce, ka kuma riga ka kafa dirkoki ƙafa 6 cif, bakin tankar ba zai kai dirka ta uku ba. Auna mafi gajarta a cikin waɗanda ka zaɓa, ka raba tsawonta biyu, wannan shi ne ainihin tazarar dirkokinka. Shi ya sa nake cewa a sayi katako kafin a haƙa rami.

Za a nuna maka farin katako da jan katako. Farin, irin su obeche, yana da taushi da sauƙin aiki, ya dace da silin da kayan cikin ɗaki, amma a ƙasa abincin gara ne. Dirka sai katako mai tauri da nauyi, irin loko, wanda 'yan Kudu ke kira iroko, ko maɗaci. Ko a cikin jan katakon ma ka duba gefensa. Idan ka ga wani sashe fari-fari a baki, wannan ɓangaren da ke kusa da ɓawon itacen ne, kuma shi gara ke fara ci ko da itacen mai tauri ne. Ka ce, "Alhaji, a canza min wannan, ƙasa zai shiga." Mai sana'ar kirki zai gane, ya canza. Idan kuɗi bai kai ba, ka zuba shi a dirka, ka rage a falanki. Falanki ɗaya idan ya lalace, ƙusa huɗu za ka cire. Dirka idan ta lalace sai an fasa kankare.

Kakanninmu sun san wannan tun da daɗewa. Azarar giginya da ke riƙe da rufin soraye a cikin birni ta shekara da shekaru gara ba ta kada ta ba, haka itacen ƙirya. Idan ka samu azara mai kyau za ta yi dirka, sai dai ƙusa ba ta shigarta da daɗi, sai an huda ko a ɗaure da waya. Idan kuma filinka akwai shuri kusa, ko ka san unguwarku gara ta yi yawa, shawarata ka bar katako a dirka gaba ɗaya: ka sa mai walda ya yanka maka bututun ƙarfe, ya liƙa masa 'yan kunnuwa masu huji inda za a ɗaure tanka, sauran jikin ya zama katako. Ba abin kunya ba ne, kuma shi ya fi daɗewa.

Kowane katako ka ɗaga bakinsa ɗaya zuwa idonka, ka hango tsawonsa kamar mai saita bindiga. Wanda ya lanƙwashe ko ya murɗe, ajiye shi. Mai manyan ƙulli ko ƙananan huji da gari ke zubowa, ajiye shi. Sannan ka ji nauyinsa da sanyinsa a tafin hannu. Katakon nan daga dazukan Kudu ake kawo yawancinsa, wani yana isowa da ɗanyensa. Idan ka buga shi a haka, hunturu na zuwa zai tsotse ruwan, ya ƙanƙance, ya tsage a bakin ƙusa. Idan a-kori-kura ta sauke maka kaya, ka jera su a inuwa a kan bulo, ba a ƙasa ba, ka sa 'yan sanduna tsakanin layi da layi don iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama. Ba su mako biyu ko uku. Kada ka shanya su a rana, za su murɗe.

Maganin gara

Nan ne aikin yake. Ka gama duk yanke-yankenka tukuna, sannan ka shafa magani, domin duk inda zarto ya bi bayan shafawa ya buɗe sabuwar ƙofa. Maganin da aka fi sani a wajen kafintoci shi ne Solignum, akwai kuma wasu irinsa. Karanta abin da ke jikin gwangwanin ka bi shi. Sa safar hannu, ka rufe hanci, ka yi aikin a fili, yara da dabbobi su yi nisa har ya bushe.

Tanka da falanki shafa biyu da buroshi ya isa, kowace fuska, musamman bakin da aka yanka, don nan ne katako ya fi shan ruwa. Dirka kuwa shafa ba ta isa ba, jiƙawa take so. Samu tsohon bokitin fenti ko rabin durom, ka zuba maganin, ka tsayar da dirkokin a ciki ta gindin da zai shiga ƙasa, su kwana. Da safe za ka ga maganin ya hau jikin katakon ya wuce inda ya tsaya jiya, alamar ya shiga ciki ke nan. Fito da su su tsane, ka shafe sauran jikin. Bayan sun bushe, ka shafa kwalta daga gindi har ta wuce inda ƙasa za ta tsaya da kamar inci 6. Wannan wuyan, inda dirka ta haɗu da ƙasa, shi ne wurin da danshi da iska suke haɗuwa, kuma nan kusan kowace dirka take karyewa.

Mutane da yawa suna amfani da baƙin mai na mota don arha. Yana taimakawa, ban musa ba, amma ni ba na sa shi kusa da lambu ko rijiya, ba na kuma sa shi inda akuya za ta lasa, domin dattin inji ne a cikinsa. Fenti ma ba ya kama katakon da ya sha baƙin mai. Wani tsohon kafinta a unguwarmu ya nuna min dabarar da: a babbaka gindin dirka a wuta har fatarsa ta yi baƙi, ba tare da ta ci ciki ba. Na ce, "Baba, wannan kaɗai ya isa?" Ya girgiza kai ya ce ƙari ne, ba madadi ba. Haka nake ɗaukarsa.

Kafin ka rufe wannan babi, share filin. Tsohon kututture, guntayen katako, kwali, karan dawa, duk abin da gara za ta fara da shi kafin ta iso shingenka, kwashe shi.

Jan igiya da haƙa rami

Kafa turke a farkon layi da ƙarshensa, ka ja igiya ta yi tsam. Idan shingen zai yi kwana, ga yadda magina ke fitar da ita daidai: daga kusurwar ka auna ƙafa 3 a igiya ɗaya ka yi alama, ka auna ƙafa 4 a ɗaya igiyar ka yi alama. Tsakanin alamun biyu dole ya zama ƙafa 5. In bai kai ba ko ya wuce, matsar da igiya har ya zama 5.

Bi igiyar da tef, ka zuba toka ko ka kafa tsinke a wurin kowace dirka. A wurin ƙofa, tazarar da ke tsakanin dirka biyu ta fi faɗin ƙofar da kamar inci 1, don hinjis da sakata su samu wurin motsi. Ƙafa 3 na zaɓa domin baro ya wuce da taki ko dusa.

Kowane rami faɗin ƙafa 1, zurfin ƙafa 2 da inci 4. Bangonsa ya sauka a miƙe, in ma da hali gindin ya ɗan fi bakin faɗi. Ramin da ya yi siffar kwano, baki a buɗe gindi a tsuke, iska na girgiza dirka sai ta tumɓuke da kankarenta. Idan ƙasarka jigawa ce mai rairayi, ƙara zurfi da faɗi, ka kuma nemi dirka mai ɗan ƙarin tsawo. Idan ka ci karo da marmara, zuba ruwa a ramin ka bar shi ya kwana. Ramukan ƙofa su fi sauran girma, su ne za su ɗauki wahala.

Inci 4 ɗin nan na ƙari na tsakuwa ne. Zuba ta a gindin rami ka daddaƙa. A kanta dirka za ta zauna, ruwan da ya biyo jikinta ya samu hanyar tsiyayewa. Kada ka fara zuba kankare a gindi sannan ka dasa dirka a ciki, ka yi mata kofi ke nan, ruwa zai taru ya ruɓar da ita.

Kafa dirkoki

Fara da ta farko da ta ƙarshe. Yaro ya riƙe, kai ka ɗora ma'auni a fuska biyu na dirkar, gaba da gefe, har ɗigon ruwan ya tsaya a tsakiya. In babu ma'auni, ɗaura dutse a igiya ka sake shi a gefen dirkar, ido zai nuna maka. Da ta miƙe, tokare ta da tu-bai-tu biyu ta ɓangare biyu, ka ɗan kama da ƙusa.

Don kawunan su zo daidai ko da filin yana da gangare, yi amfani da siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa. Ka riƙe baki ɗaya a dirkar farko, yaron ya riƙe ɗaya a ta ƙarshe. Inda ruwan ya tsaya a ɓangarorin biyu, tsayi ɗaya ne. Yi alama, ka ja igiya biyu tsakaninsu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sauran dirkokin kowace ta zo ta shafi igiyoyin nan ba tare da ta tura su ba.

Kwaɓin kankare: siminti kashi 1, yashi 3, tsakuwa 6. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, don haka buhu ɗaya zai ci kwano 6 na yashi da 12 na tsakuwa. Ramuka 8 za su ci wajen buhu biyu, na ukun na ko-ta-kwana ne. Gauraya su a bushe har launin ya zama ɗaya, sannan ka sa ruwa kaɗan-kaɗan. Kwaɓin ya yi kauri, ya tsaya a shebur, ba ya zuba kamar kunu ba. Ruwa da yawa yana kashe ƙarfin siminti.

Zuba a hankali, kana soka sanda kana cusawa don kada a bar rami a ciki. Idan ya cika, kada ka tsaya daidai da ƙasa. Ɗaga shi sama da ƙasa da kamar inci 2, ka shafe shi ya gangaro daga jikin dirka zuwa waje kamar hular kwano. Da haka ruwan sama da fitsarin dabbobi ba za su kwanta a wuyan dirka ba, kuma idan gara ta fara gina hanyarta ta ƙasa a kan simintin za ka gan ta. Sake duba miƙewar dirkar nan take, kafin ya kama.

Sai haƙuri. Kwana uku kada ka buga ko ƙusa ɗaya, domin kowane bugun hamma yana girgiza dirka ya buɗe tsaga tsakaninta da kankare. Riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har mako guda, ka rufe da tsohon buhu. Iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya yi ƙarfi, sai ka ga yana marmashewa.

Tanka da falanki

Tankar ƙasa ta zauna kamar inci 8 daga ƙasa, ta sama kamar inci 6 daga kan dirka. Ƙusa biyu masu inci 4 a kowace mahaɗa, a ɗan karkace da juna. Kada gaɓar tankar sama da ta ƙasa su faɗa a dirka ɗaya. Layin sama ka fara da cikakkiya mai ƙafa 12, na ƙasa ka fara da rabi, sai gaɓoɓin su saɓa. Jan katako yana lanƙwasa ƙusa, yana kuma tsagewa a baki. Idan kana da injin huji, fara hudawa. In babu, juya ƙusar ka ɗan daki tsininta da hamma ya dakushe, ka goga mata sabulu. Ƙusa mai dakusasshen baki ba ta cika tsaga katako ba.

Wane ɓangare falankan za su kalla? Ɓangaren dabbobi. Rago idan ya tunkuyi falanki daga nan, yana danna shi ne a jikin tanka. Idan ta baya ka buga, kowane karo yana zare ƙusa. Ga shi kuma akuya ba za ta samu tankar da za ta taka ta haura ba.

Kada falanki ya taɓa ƙasa. Ajiye guntun katako mai kaurin inci 2 a ƙasa, ka ɗora falankin a kai, ka buga, ka zare guntun ka matsa gaba. Wani guntun mai faɗin inci 2 kuma shi ne ma'aunin tazara tsakanin falanki da falanki. Ƙusa biyu sama, biyu ƙasa. Ja igiya a sama don kawunan su jeru, kuma duk bayan guda biyar ka sake ɗora ma'auni, domin ƙaramar karkata tana taruwa. Kada ka matse su ba tazara don neman sirri. Iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas tana yaye kwanon rufi, idan ta samu shinge a toshe ture shi take yi, in ta samu tazara sai ta wuce. Kada kuma tazarar ta yi faɗin da ɗan akuya zai cusa kai ya maƙale. Mai kaji ya ƙara ragar waya a ƙasa, tsayin ƙafa 2, saboda 'yan tsaki.

Kan kowace dirka ka yanke shi a karkace don ruwa ya zame, ka shafa magani a sabon yankan.

Ƙofa

A ƙasa ake haɗa ta, a wuri mai shafe. Tanka biyu masu ƙafa 3, falanki 6 a kansu, sannan tokara ɗaya a karkace tsakanin tankokin. Wannan tokarar ita ce ran ƙofa, kuma mutane da yawa suna juya ta. Gindinta ya zauna a ƙasa ta ɓangaren hinjis, kanta ya tafi sama ta ɓangaren sakata. Da haka nauyin ƙofar yana sauka a kan dirka. In ka juya ta, wata uku ƙofar ta fara jan ƙasa. Kafin ka buga tokarar, auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, awon ya zo ɗaya.

Ɗora ƙofar a kan guntayen katako a mazauninta, ka ɗaura hinjis a jikin tankoki, ba a falanki ba. Noti mai ratsawa ya fi ƙusa a nan. Sakata ta kasance ta waje, inda baki da ƙahon akuya ba za su kai ba.

Fenti da kulawa

Bari maganin ya bushe sosai, in ba haka ba zai huda fentin ya fito. Fentin mai ya fi na ruwa jure waje, shafa biyu, na biyu bayan na farko ya bushe. Zaɓi safiya ko bayan la'asar, ranar da babu ƙura. Fentin da aka shafa da tsakar rana yana kumbura, wanda aka shafa ranar hazo kuma ƙura ke manne masa. Dabbobin su zauna a turke har wari ya tafi.

Daga nan aikin ya koma na ido. Kada a jingina itacen girki, buhun dusa ko karan dawa a jikin shingen. Kada taki ya taru har ya binne hular simintin, a riƙa sharewa. Duk mako biyu, musamman daga Yuni zuwa Satumba, ka bi dirkokin ɗaya bayan ɗaya ka durƙusa ka duba wuyansu. Abin da kake nema siririn layin jar ƙasa ne, kaurin tsinken tsintsiya ko fensir, yana hawa daga ƙasa. Idan ka gan shi, kankare shi, ka bi shi har inda ya fito, ka zuba magani a wurin. Ƙwanƙwasa dirkar da bayan hamma: mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda aka ci cikinta tana yin sautin ganga. Idan ka ga tsaga ta buɗe tsakanin dirka da kankare, cike ta da kwalta kafin ruwan farko ya sauka, sannan ka bi falankan ka mayar da duk ƙusar da hunturu ya ɗago.